Gadon da Aka Juya Gabas

Ko zan manta komai, ban da Larabar nan da zobena ya ƙi fita ina shirin alwalar azahar. Na ja, na murɗa, na shafa sabulu, yatsan ya kumbura kamar ba nawa ba. Cikina wata takwas, an kawo ni goyon ciki gidanmu a Kalgo daga Gwandu inda nake aure. Can kaina ya fara sarawa, wasu 'yan taurari suna yawo a idona. Inna ta ja mayafi muka nufi asibiti.

Da aka auna ni, aka ce jinina ya hau sosai, in bai sauka ba ni da abin da ke cikina muna cikin haɗari. Aka ba ni gado, aka yi mini allura. Ba wuta, ɗakin kamar tanda. Na kasa kwanciya: in tashi, in zauna, in cire ɗankwali, in mayar.

Wata nas, babbar mace, Kirista daga kudancin Kebbi, ta ga yadda nake gumi. Ba ta ce komai ba, ta ja gadona ta juya shi ya fuskanci taga. Tagar nan kuwa ita Inna ta fuskanta da ta yi la'asar. Gabas ke nan. Haka na ga an juya kakata ranar da za ta rasu.

Na ce shi ke nan, sun san abin da suka ɓoye mini. Na kama kalmar shahada, na roƙi Inna gafara, na ba ta saƙon mijina. Ita ma ta fashe da kuka. Nas ta dawo ta auna, ta ga jinin ya ƙara hawa, ta tambayi abin da ya faru. Da Inna ta gaya mata, sai ta dafe kai.

"Ƙanwata, iska na nema miki, ba lahira ba. Da tagar tana yamma, yamma zan juya ki."

Ta tambaye ni ina nake so a kai gadon, na ce a mayar da shi. Ta mayar, ta samo wa Inna mafici, ta kwantar da ni ta gefen hagu, ta sa mini matashi tsakanin gwiwoyi. Daga nan ba ta sake taɓa ni ba sai ta faɗa mini abin da za ta yi da dalilinsa. Ta ɗora wata 'yar na'ura a cikina, na ji bugun zuciyar ɗana da sauri-sauri. Ta naɗa zare a yatsana, a hankali zoben ya zame, ta damƙa mini ta ce in adana, zai koma wurinsa. A ƙarshe barci ya ɗauke ni, zoben yana hannuna.

Washegari wajen ƙarfe goma likita ya duba ni, ya ce jinin ya sauka, haɗarin ya wuce, sai dai su ci gaba da lura da ni har in haihu. Nas ɗin tana bayansa, ta ce, "To, yanzu in juya ki ki sha iska?" Na yi dariya, hawaye na zuba.

Allurar ta yi aikinta, amma ni ban kwanta ba sai da aka yi mini bayani. Majinyaci yana karanta kowane motsi. Ko gadonsa za a ja, a fara gaya masa dalili.