Ban-kwanan da na yi wa dangi saboda teku

Ni tela ne, shagona yana bakin kasuwar Kazaure. Duk wanda ya taɓa kawo mini ɗinki ya san halina. Zan auna mutum, in sake auna shi, bayan ya tafi kuma in aika a kira shi saboda ina shakkar tsawon hannun riga. Ko shago na kulle, sai na dawo na girgiza kwaɗon kafin hankalina ya kwanta. Haka Allah Ya yi ni.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona da ke aure a Gwiwa. Sa'o'in juna ne mu, tare muka tashi a gidan kakanmu a Roni. Ni na tsaya a firamare aka kai ni koyon ɗinki, shi ya ci gaba da karatu har ya zama babban ma'aikaci a Abuja. Wasan taubasai kuwa mun sha shi. Yana kirana bawansa, ina kiransa bawana. Ya taɓa zuba mini barkono a fura, ni ma na taɓa ɗinke masa ƙafar wando ranar Sallah. Kowa ya san yadda abin yake. Duk abin da taubashi ya yi maka ba ka fushi, ba ka kai ƙara, sai dai ka jira ranar ramuwa.

Wata Ƙaramar Sallah ya zo gida, ya biyo ta shagona, ya miƙo mini waya. Sai ga shi a cikin ruwa shuɗi tas, da tulun iska a bayansa, da wani faffaɗan takalmi kamar ƙafar agwagwa, kifaye masu launin atamfa suna wucewa ta gaban fuskarsa. Ya ce Bahar Maliya ke nan ta gefen Masar, abokan aiki ne suka kai shi lokacin da suka je kwas. Na kalli bidiyon nan har keken ɗinkina ya huce. A duk duniya ruwa ne kaɗai abin da ban taɓa tsoro ba. A kududdufin Roni babu yaron da ya kai ni daɗewa a nutso.

Ya ce, "Bana zan koma hutu, kuma wurin mutum biyu na kama. Da kai za ni."

Na ce, "Bawana, yau kuma da teku ka zo? Barkonon ya ƙare ne?"

"Wallahi da gaske nake."

"Ajiye wasa gefe. Tsakaninka da Allah?"

Sai ya cire hularsa ya ɗora a kan kekena. Ya ce, "Yanzu ba taubashinka ke magana ba, ɗan'uwanka ne. Ka je ka yi fasfo."

Tunda muke bai taɓa yi mini magana irin wannan ba. Ita na riƙe. Duk abin da na yi bayan nan, a kanta na ɗora shi.

Na yi fasfo, aka yi mini allurar rigakafin da ake yi wa matafiya, aka ba ni katin. Kafin Babbar Sallah direbansa ya zo ya karɓi fasfon, ya ce za a nemo biza. Daga nan taubashina ya riƙa turo mini saƙon murya yana koya mini abubuwa, ni kuma ina saurara ina maimaitawa kamar mai tilawa.

Abu na farko shi ya fi ba ni wuya. Ya ce mai tulun iska ba ya riƙe numfashi ko kaɗan, musamman in yana tasowa sama, don iskar tana kumbura a ƙirji ta yi wa huhu lahani. To ni duk gwanintata ta yarinta riƙe numfashi ce. Sai na shiga horar da kaina, ina taka keke ina shaƙa a hankali ina fitarwa a hankali. Na biyu kunne. In kana sauka ƙasa ruwa yana matse kunne, sai ka toshe hanci ka hura kaɗan har ka ji ya buɗe. Na yi ta yi a shago har masu kawo ɗinki suka fara yi mini sannu da mura.

Akwai kuma maganar hannu, tunda a ƙarƙashin ruwa baki ba ya aiki. In ka haɗa babban yatsa da manuni, lafiya ke nan. In ka ɗaga babban yatsa sama, mu fita kake nufi. Na matsa wa maiɗakina ta riƙa gwada ni. Wata rana ta tambaye ni ko gishirin miya ya ji, na haɗa mata yatsu.

Ta ce, "Malam, a tsakar gida muke. In miyar ba ta yi ba ka faɗa da baki."

Na je asibiti aka duba ƙirjina da hawan jini da kunne, likita ya ce ba komai. Na je wurin limamin unguwarmu na tambaye shi hukuncin rigar robar nan da ke ɗame jiki, da yadda zan yi salla a cikin jirgin ruwa in ban gane alƙibla ba. Ya yi mini bayanin ƙasaru, ya ce batun riga kuma in ɗora wani abu a kai matuƙar ina cikin mutane. Na dawo na ɗinka wando mai ɗan yalwa, na sa masa roba a idon sawu don kada ya cika da ruwa ya ja ni. Na samo tabarau na nutso a wurin 'yan gwanjo a Kano, na tafi dam da sassafe in gwada. Masunta suka bar komarsu suna kallona. Ruwa ya yi ta shiga ta ƙasan hanci, ashe gashin baki ne ke hana robar kamawa. Ranar wanzami ya aske shi tas, 'ya'yana suka wuni suna leƙena suna gudu. Bayan nan kuma na shiga fargabar tsargiya daga ruwan dam, sai da na koma asibiti aka gwada fitsarina.

Sai maganar haƙori. Bayan Babbar Sallah na ji a wani bidiyo cewa in haƙori yana da rami, iska kan maƙale a ciki ta hana mutum sakat a ƙarƙashin ruwa. Ina da turmi ɗaya mai rami, bai taɓa damuna sosai ba. Likitan haƙori ya ce zai cike shi. Na ce zai iya tabbatar mini babu iskar da za ta rage a ƙarƙashin cikon? Ya ce tabbas sai Allah. Na ce to a cire. Ya yi ta ba ni baki, na ƙi. Kafin in zauna a kujerar sai da na kira taubashina na gaya masa. Ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Kai dai Allah Ya shirye ka, bawana."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Aka cire.

Da lokacin tafiya ya matso, na ce zan zaga dangi in yi ban-kwana in nemi gafara. Maiɗakina ta hana. Ta ce ba Hajji zan je ba, in bari sai na ga tikiti a hannuna. Na ce mutumin da zai hau sama ya kuma shiga ƙarƙashin teku, in bai nemi yafiya ba wa zai nema? Na hau babur.

A Roni na fara. Baffana ya saurare ni har na gama, ya ce, "Teku? Kai da kake sauka daga babur in za a tsallaka kwalbati?" Amma ya ɗaga hannu ya yi mini doguwar addu'a, har idonsa ya kawo ruwa. Akwai wani maƙwabcinmu na gona da muka daɗe ba ma ga-maciji saboda iyaka. Na je har zaurensa na durƙusa na ce in na taɓa ɓata masa ya yafe mini. Ya kawo mini buta na yi alwala muka yi la'asar tare. A Babura yayata ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli da dakuwa, ta ce ta ji abincin can duk ganye ne da burodi. Surukarta kuma ta ba ni gora ta ce in ciko mata ruwan teku, an ce yana maganin ciwon gwiwa. Daga ƙarshe na je wurin gwaggo. Ta dafa kaina ta ce, "Ku riƙe juna amana, kai ka fi shi natsuwa, ka kula mini da shi." Na tabbata a lokacin ba ta san komai ba.

A kwanakin nan wayarsa ta fara wuyar shiga. In ya ɗauka na tambayi biza, sai ya ce, "Ana kai." Na haɗa jaka, na kwance, na sake haɗawa. Na sallami duk ɗinkin mutane, na daina karɓar sabo.

Wata ranar kasuwa da hantsi direbansa ya shigo shago, muka gaisa, ya ajiye mini fasfona a kan teburin yanka.

Na ce, "Madalla. Yaushe ne tashin?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce, "Baba, ai sun tashi shekaranjiya."

"Su wa?"

"Oga da maigidansa na ofis."

Na zauna a kan benci. Shi ma ya zauna, ina jin tausayina ne ya kama shi, don ya faɗi abin da ba a aiko shi ya faɗa ba. Ya ce wallahi da farko da ni ne, shi da kansa ya kai takarduna. Sai babban nasu ya ga bidiyon ya nuna sha'awa, ga shi ana maganar ƙarin girma a ofis, oga ya ce a janye nawa a sa nasa. Na tambaye shi yaushe aka yi haka. Ya ce tun satin Babbar Sallah fasfona yake cikin aljihun mota.

Tun satin Babbar Sallah. Wato ranar da na kira shi daga wurin likitan haƙori ya riga ya sani. Ranar da nake durƙushe a zauren maƙwabcina ma ya sani.

Ban fita ba sai da ta zama dole. A masallaci ana ce mini, "A'a, har an dawo? Ya teku?" Wasu da gaske suke tambaya, wasu sun ji labari. Surukar yayata ta aiko a karɓo mata gorarta. Maiɗakina ba ta taɓa ce mini ai ta faɗa ba, kuma wannan shirun nata ya fi mini nauyi.

Bayan ya dawo aka yi suna a gidan gwaggo, ba yadda zan yi in ƙi zuwa. Na tarar da shi a ƙofar gida a kan tabarma, maza sun kewaye shi, yana ba da labari. Labarina yake bayarwa. Yana kwaikwayon yadda nake toshe hanci, ya ce ya sa bawansa ya aske gashin baki, ya cire haƙori, ya zaga ƙananan hukumomi yana kuka yana neman gafara, duk a kan tafiyar da babu ita. Mutane suna ta faɗuwa da dariya. Wani ya ce tunda ake wasan taubasai a zuriyar nan ba a taɓa yin wanda ya kai wannan ba.

Ya hango ni ya ce, "Ga sarkin ruwa nan! Matso, bawana, buɗe bakin su ga gurbin."

Na ce ina son magana da shi. Muka koma gindin katanga.

Na ce, "Abu ɗaya zan tambaye ka. Ranar da ka cire hula a shagona, wasa kake?"

"Haba, kai ma ka san mu."

"Na san ba wasa ba ne. Kai dai ka fito ka ce mini wurina ka ba maigidanka, kunya ta hana ka faɗa mini. In ka faɗi haka, wallahi ya wuce a wurina."

Ya dubi mutanen da ke kan tabarma, ya dube ni. Sai ya ɗaga murya yadda za su ji, ya ce, "Jama'a, ku zo ku gani, bawana zai kai ƙarar ubangidansa!" Aka sake fashewa da dariya.

Gwaggo ta aiko a kira ni ciki. Ta ce ta ji abin da ya faru, bai kyauta ba, amma ba a fushi da taubashi, abin kunya ne a ce ni na fara. In haƙura, in na samu dama in rama. Na ce to, Gwaggo. Ban gaya mata zancen direba ba, kada a raba bawan Allah da aikinsa.

Na yi tunanin ramuwar a hanyata ta fitowa. Duk abin da zan yi masa wasa zai zama, kuma in na rama na yarda ke nan cewa nasa ma wasa ne. Da na iso ƙofar gida sai na tsaya a bakin tabarma, na cire takalmi, na rusuna kamar yadda ake yi wa manyan baƙi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni zan koma. Allah Ya raya abin da aka samu."

Ya buɗe baki da dariya yana jiran ƙarashen wasan. Babu ƙarashe. Ya ce, "Kai, bawana, mene ne haka?"

Na ce, "A huta gajiya, ranka ya daɗe."

Tun daga ranar haka nake gaishe shi, a biki ko a makoki. Babu wanda zai ce na yi fushi, tunda ban taɓa fasa gaisuwa ba. Ya kan aiko da shadda a ɗinka masa kayan Sallah, in ɗinka da kyau, in goge, in ninke, in ba direba.