Faifan da Inna Ta Rufe Miya da Shi

Garzali mahauci ne ɗan mahauci, kuma ɗan dambe, irin wanda in ana naɗa masa zare a hannu sai 'yan kallo su fara yi wa abokin karawarsa addu'a. Da can sai ranar kasuwa yake duka, a fili, da makaɗi da komai. Amma tun da ruwan madatsar Tiga ya cinye garinsu aka kwaso su zuwa sabon matsuguni, sai ya daina jiran ranar kasuwa. Ya karya wa wani masunci haƙarƙari don ya ce namansa ya kwana. Ya yage wa yaron motar Bebeji kunne. Wani lebura kuwa tabarmar Garzali ya taka, har yau bakinsa a karkace yake, in ya yi maka murmushi sai na kusa da kai ya amsa.

Dagaci ya kira shi. "Garzali, ka ƙara fitar wa ɗan wani jini a garin nan, ni zan raka ka gaban alƙali. Sai ka nemi wanda zai riƙe maka tsohuwa."

Tsohuwar ita ce Inna Kulsumu, idonta ya tafi saura kaɗan, kuma shi kaɗai ya rage mata.

Ana nan, sai Isa direban wani injiniya Bature ya samu kyautar garmaho mai batir da faifai ɗaya, da maigidansa zai koma ƙasarsu. Ya kunna a rumfar mahauta, samari suka taru suna gyara ƙugu. Shiru, ba abin takawa. Wata jita ce ke ɗiga kaɗan-kaɗan, a bayanta wani sauti kamar iska a cikin rijiya, can sai wani ya ɗan yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai zazzaɓi.

"Maigidana ya ce asalinsu masu kiɗan hayaniya ne," in ji Isa. "Biyu daga cikinsu suka zame gefe suka yi wannan."

"Gara su koma inda suka fito," in ji Maikuɗi mai tsire. Aka watse.

Garzali bai motsa ba, ƙuda sun rufe namansa. "Sake sa shi."

"Me ka ji a ciki, sarkin dambe?" in ji Isa.

"Kamar a ƙarƙashin ruwa ake kaɗawa. Kamar daga garinmu."

Ya nemi aro, Isa ya ba shi har da garmahon, don yana son haƙoransa. Damina ta zo ta wuce ba wanda ya ɗanɗani hannun Garzali. In an ɓata masa rai sai ya ajiye wuƙa ya nufi gida, ya ɗora allurar garmaho kan faifan ya rufe ido. A ɗakin Inna yake ɓoye faifan, cikin ƙorai, don nan ne ba mai shiga.

Wata ranar da hantsi ya dawo ya same ta a bakin murhu.

"Kai Garzali, wa ya kawo mini faifan nan mai santsi? Har da huda a tsakiya, ko tururi ba ya riƙewa."

Yana kan tukunyar miyar kuka, ya lanƙwashe kamar ganyen kabewa a rana. Ita dai an ce faifai, kuma na rufe tukunya ta sani. Ya dube ta, ya dubi hannunsa, ya fita.

Matar Maikuɗi ta ji komai ta bayan zana, labari ya riga shi kasuwa.

"Sarkin dambe! An ce yau da miyar jita za a ci tuwo?" in ji Maikuɗi.

Garzali ya shaƙo wuyansa, ya ɗaga shi sama, ya maka shi kan kututturen saran nama. Idon Maikuɗi ya firfito. Hannun daman Garzali ya tashi, mata suka sa salati. Ya sauka a jikin kututturen, dab da kunnen Maikuɗi. Ya sake dukan kututturen. Ya sake, har ƙashi ya ɓullo fari, jini ya wanke fuskar Maikuɗi, wanda tuni ya jiƙa wandonsa.

Dagaci ya iso da gudu. "Jinin wa?"

"Na Garzali ne, ranka ya daɗe."

"To sai ya kai ƙarar kansa."

Wani maɗori a Kiru ya ɗora hannun, ya warke a dunƙule, ba ya buɗewa, ba ya duka. Da hagu Garzali yake yanka nama yanzu, duk a karkace, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi ƙorafi ba.