Ni Mai Ciwon Ƙarya, Shi Mai Na Gaske

A shekarun da gwamnatin Birtaniya ta tsuke bakin aljihu, ni mai gadi ne a wani ginin council, wato hukumar gari, a Manchester, ina zaune a unguwar Moss Side, gemu ya riga ya yi fari. Bokona bai wuce firamare ba, ita ma rabinta a bayan aji na yi, ina kwaikwayon tafiyar malamai. Turancina na bakin ƙofa ne, amma baki kam Allah ya ba ni. Da aka rufe ginin aka sallame mu, sai wani likita da muka saba tun yana sabon zuwa ya kira ni. A lokacin ya koma Birmingham, ya zama babba a asibitin koyarwa, yana duba marasa lafiya, yana kuma koyar da ɗalibai. Shi Bazazzagi ne, ni Bakano, don haka tun da muka haɗu ba mu taɓa yin maganar hankali ba, kullum tsokana. Ya ce mini, Kawu, ya samo aikin da Allah ya halicci Bakano dominsa: in yi ƙarya a biya ni.

Aikin shi ne a ba ni labarin wani ciwo in haddace, in zauna a ɗaki, ɗalibai su riƙa shigowa suna yi mini tambayoyi, shi yana gefe yana ba su maki. Na yi ciwon ciki, na yi tari, har mashayi na yi, Allah ya yafe mini. Amma wanda na fi ƙwarewa a kai shi ne na mutumin da hannunsa ya mutu, harshensa ya yi nauyi na ɗan lokaci, sannan komai ya dawo daidai. Sai in yi ta musu, in ce gajiya ce, ina da aiki, a bar ni in tafi. Duk ɗalibin da ya yarda ya sake ni, ya faɗi. Likita kan gaya musu cewa wannan gargaɗi ne kafin shanyewar ɓarin jiki, kuma mai musu shi ne ba a bari ya fita.

Shi kuwa aiki ya yi masa yawa. Abokan aikinsa sun tafi, ba a ɗauki wasu ba. Daga ɗakin marasa lafiya zuwa aji, daga aji ya koma, abincinsa biskit a aljihu. Wata rana muna shan shayi tsakanin zuwan ɗalibai, kofi ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya buɗe baki zai yi magana, kalmomin suka fito a cakuɗe. Na gani da idona, kuma na san sunan abin sarai, ga shi mu biyu ne kawai a ɗakin. Me na yi? Dariya. Na ce ashe Bazazzagi ƙwace mini sana'a yake so, kuma bai iya ba, ya zo in koya masa. Da bakin ya saki, shi ma ya yi dariya, ya ce gajiya ce, idan ya kwanta yau babu mai karɓar aikinsa, kada in tayar wa kowa hankali. Maganata ce sak, wadda nake yi wa ɗalibai. Na ɗauki jakata na hau jirgin ƙasa zuwa Manchester. A hanya zuciyata ta ce in kira matarsa, sai na ce wane ni, mai gadi, in koya wa likita aikinsa.

Mako bai zagayo ba ya faɗi a asibitin, yana tsakiyar zagayen marasa lafiya da ɗalibansa. Ya rayu, amma hannun ya tafi, maganar ma sai da ƙyar. Asibitin ya aiko da furanni, aka raba ɗalibansa ga waɗanda su ma suke nishi, aka cire sunansa daga ƙofa. Shi ke nan ladan shekarun da ya ba su. Ni ma na bar aikin, bakina ya ƙi yin wannan ƙaryar kuma. Ina zuwa duba shi. Har yanzu yana ƙoƙarin tsokanata, sai ya daɗe yana kokawa da kalma guda, ni kuma in zauna in jira ta fito. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, da ma ya zage ni.

Abin da na koya a makare shi ne wasa yana da daɗin fakewa: da shi na guje wa magana mai nauyi, na ce girmamawa ce. 'Yan'uwa, idan kuna da likita a gida ko a masallaci, ku daina kallon rigarsa, ku kalli fuskarsa. Wurin aikinsa ba zai ce ya huta ba, shi ma ba zai ce ba. In kun ga abin da bai yi muku ba, ku tare ƙofa, ku yi masa rashin kunya. Fushinsa zai wuce. Hannun abokina bai dawo ba.