Na Rantse Ƙanena Ne

'Ya'yana, kafin a kai ni gidan yari, ni mai tuwo ce a Trans-Amadi, nan Fatakwal. Mahauta da 'yan shanu a wurina suke ci. Mijina ya rasu ya bar ni da ku, ba a taɓa jin kaina da kowa ba.

A unguwarmu baƙo ba ya samun ɗaki sai wani ya tsaya masa gaban liman ya ce ya san shi. Da farko don tausayi nake tsayawa. Daga baya aka fara ba ni na goro, har na kai ga rantsuwar ƙarya ana yi wa baƙi takardun zama 'yan ƙasa.

Haka aka kawo mini wani dogon mutum daga wata ƙasa da ake yaƙi. Ga ladabi, ga sallah, Yaya yake ce mini. Na rantse ƙanena ne, aka yi masa takardu.

Wata rana Maryama, 'yar gudun hijirar da ke taya ni wanke-wanke, ta gan shi, kwano ya suɓuce mata. Ta ce shi ya jagoranci waɗanda suka shiga garinsu suka ware 'yan ƙabilarta suka harbe, har da 'ya'yanta biyu. Na ce ko kama ce. Ta ce, "Hajiya, daga bayana ya cire ƙaramin."

Na ji tsoron asirina ya tonu, na tsegunta masa. Ya hau okada, da takardun nan ya tsallake iyaka. Maryama ta kai ƙara, ni aka kama.

A gidan yari na shiga ajin yaƙi da jahilci. Can wata lauya ta fahimtar da ni cewa a ƙasarsu abokansa ke mulki, ba mai hukunta shi. Kotun duniya ce ta rage, ita kuwa ba ta da 'yan sanda, sai ƙasashe sun kama sun miƙa mata.

Da na fito na tuba, na je na durƙusa wa Maryama. Ta ce nata ta yafe, na yaran kuwa sai gaban alƙali. Har yau tana jira, mutumin yana yawonsa.

Kada ku tsaya wa wanda ba ku sani ba. In kuma Allah ya ba ɗayanku mulki, ya mara wa wannan kotu baya. Ƙasar da ta ɓoye mai kisan ƙare dangi, abin da na yi ta yi. Ni dai an hukunta ni.