Kwana Sittin na Namadi

Namadi mutumin Zurmi ne. A watan Agusta na 1967 ya hau jirgin ƙasa a tashar Kaura Namoda ya tafi aikin soja, zamanin da mutane ke saita agogo da kukan jirgi. Bayan shekara biyu, yana gadin wata gada a fagen yaƙi, sai wani farar hula ya nufo shi da buhu a ka. Sau ɗaya tak Namadi ya ce masa ya tsaya, sannan ya harba. Da aka kwance buhun, rogo ne. Kotun soja ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Ya yi shekara shida, gwamnati ta yi masa afuwa.

Ya dawo gida da takardar afuwa, ya kama noman gero. Sai dai takardar ta gwamnati ce. Mamacin bai sa hannu ba, ko sunansa ma Namadi bai sani ba. Limamin unguwarsu, Malam Armiya'u, ya ce ya yi kaffara, azumin wata biyu a jere. Ya yi. Da shekara ta zagayo, bayan girbi, ya sake ɗauka. Liman ya ce sau ɗaya ya wadatar. Namadi ya ce ya ji, ya ci gaba. Liman ya rasu, ciyawa ta rufe layin dogo, shi kuwa bai fasa ba.

Bana likita ya hana shi saboda ciwon suga. Ya ɗauka duk da haka. A rana ta arba'in da ɗaya, bayan azahar, ya zube a gindin rumbu. Ɗiyarsa Zulaihat ta tallafe kansa, ta kai masa moɗa baki.

"Baba, sha."

"Saura sha tara."

"Sha tara ɗin mi? Ka kashe guda, bai ishe ka ba, sai ka ƙara da kanka?"

Ba wanda ya taɓa faɗa masa haka a gidan nan. Ya daɗe yana kallon ruwan.

"Shi ma ruwa ya roƙe ni," in ji shi. "Da gora a ƙuguna, na tsaya ina kallonsa."

Zulaihat ba ta janye moɗar ba. Namadi ya yi bisimilla, ya sha. Washegari bai ɗauki azumi ba. Ya sa aka fitar da randar ruwa ƙofar gida don masu wucewa, ya zauna kusa da randar.