Gangar da Ta Bi Bayan Yaya Sani

Ranar wata Alhamis ce, a daminar da na shiga aji uku na firamare, aka yi gayyar maimai a gonar Kawu Bala, can bayan garin Bukkuyum. Mu 'yan mata aka ɗora wa ƙoren fura, Inna na gaba muna biye. Da muka hau wani tudu sai na hango manoma sun jeru cikin gero, makaɗi na binsu da ganga a rataye. Nan na ga abin da ya tsayar da ni. Hannunsa zai sauka a kan fata, ya ɗaga, sannan ƙarar ta iso kunnena. Na murje ido na sake dubawa, haka dai abin yake.

Na tambayi Inna ina kiɗan ke tsayawa kafin ya zo. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Hanya na da nisa, ɗiyata. Riƙe hurarki da kyau."

Muna matsowa ina lura, tazarar na raguwa, har muka kai bakin gona hannu da ƙara suka haɗu. A nan kuma ba kunne kaɗai ke ji ba. Kiɗan a cikina yake sauka, har furar da na sauke tana ɗan rawa a ƙwarya.

Yayana Sani na cikin masu noman. Bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, Inna ta hana shi zuwa, ya ce sa'o'insa ba za su yi wa kawunsa aiki yana kwance ba. Da rana ta take sai aka bar shi a baya, yana sara yana tsayawa. Wanda ya ajiye fartanya a gayya kuwa ya samu sunan da zai bi shi har rani. Na ga Inna ta juya tana gyara faifan da ba ya bukatar gyara. Sai makaɗin, wani dattijo da ake kira Mamman Dogo, ya bar na gaba ya dawo bayan Yaya. Bai yi masa kirari ba. Rage saurin kiɗan ya yi ya daidaita da saran fartanyarsa, sannan ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ina kallo bayan Yaya ya shiga kiɗan, bai ƙara ɗagowa ba sai da ya kai ƙarshen kunyarsa. Shi ne na ƙarshe, amma ya kai.

Da aka zauna shan fura na lallaɓa na ɗora tafina a kan gangar. Mamman Dogo ya buga ɗaya gefen a hankali, fatar ta yi mini cakulkuli. Ya ce, "Kin jiya? Ita ma numfashi takai." Bayan nan ni da ƙawata Hajara mun sha kai tsohon gwangwani filin makaranta, ɗaya ta buga ɗaya ta yi ta ja da baya, muna neman inda ƙara ke fara makara.

A watan jiya 'yata ta kai ni wani taron waƙa a Gusau. Lasifikoki ne kamar ƙyauren ɗaki a kowane gefe, kuma na ji daɗi sosai. Muryar mawaƙin ta fito tas, har jan numfashinsa ana ji, kujerata kuma na karkarwa idan an buga babban kiɗan. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ina kallon mai kalangu a gabana, ƙararsa na fitowa daga bangon hagu. Na tambayi 'yata ko su a kan dandamali suna jin mu. Ta yi dariya ta ce kunnuwansu ma a toshe suke da wani ɗan abu.

Da na dawo na ba Yaya Sani labari. Gonar Kawu ta zama daji, ba mai zuwa can saboda 'yan bindiga. Shi yanzu a gefen gari yake noma da 'ya'yansa, ba ganga ba waƙa, don kunnensu na kan hanya ko za su ji ƙarar babura. Ban taɓa sanin shiru na da nauyi haka ba.