Habu da Garmarsa ta Sararin Samaniya

Ranar kasuwar Tsanyawa ce, ina cikin shagona ina jona wayoyin mutane a caji, sai Binta matar Habu ta kira ni. Ta ce, "Lawan, taubashinka ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan benci, na daɗe ban iya tashi na rufe shagon ba.

Habu ɗan gwaggona ne, manomi mai shanun huɗa. Mutum ne mai sanyin hali, ban taɓa ganin ya ɗaga wa sa bulala ba, kuma gonar gwauruwar da ke maƙwabtaka da shi yakan fara huɗewa kafin tasa. Ni kaɗai ne ba ya raga wa, ni ma ban raga masa ba, ai haka taubasantaka ta gada.

Akwai kwamfutoci biyu a shagon, kuma bayan La'asar mukan yi wasan yaƙin jiragen sararin samaniya, kowa na neman harbo jirgin ɗan'uwansa. Ni da kibod da maus, wato ɓeran kwamfuta, nake yi. Ranar da Habu ya fara gwadawa, ya jawo maus baya don jirgi ya tashi, sai jirgi ya dunguri dutse. Ya ture shi gefe ya ce, "Wannan ɓeran naka maƙaryaci ne. Kowa ya san idan ka danne bayan garma, bakinta ɗagawa yake yi." Na yi dariya har da hawaye.

Da ɗansa Sadiƙu ya samo masa sandar tuƙi a kayan gwanjo a Kano, sai ga Habu ya shigo da ita a naɗe cikin rawani. Ya jawo ta baya, jirgi ya ɗaga hanci. Ya yi ihu, "Yawwa! Wannan ta san aiki!" Tun daga ranar sunanta garma.

Amma gaskiya ɗaya ce, maus ya fi saurin saiti. Kafin ya juyo na harbe shi. Damina ta wuce, rani ya wuce, bai taɓa ci na ba. Kullum sai ya gyara hula ya ce, "Kai nuni kake yi, ni tuƙi nake yi." Ni kuwa na ce ya koma ya tuƙa shanu.

Sai ciwon ƙoda ya kama shi. Ya rame, hannunsa ya fara rawa. Wata rana ya kama ni a gaban mutane ya ce, "Lawan, sai na kayar da kai kafin hannun nan ya ƙi ni. Idan kuma ka bar mini da gangan, wallahi ban yafe ba." Maganar ta ɗaure ni. Ina son ya ci, amma ya rufe mini hanyar tausayi.

Ranar da abin ya faru shagon cike yake. Na shiga da ƙarfina, na farfasa masa fiffike ɗaya. Habu bai ko yi harbi ba. Ya karkata garma gefe ya shiga kewaya wani ƙaton dutse, yana juyawa, yana juyawa, kamar mai juyo shanu a ƙarshen kunya. Na bi shi, ina jan maus, ina ja, ina ja, sai teburi ya ƙare! Dole na ɗaga ɓeran na mayar da shi tsakiya. Ashe abin da ya daɗe yana lura da shi ke nan. A wannan ƙiftawar ido ya ɓullo ta bayana ya sakar mini wuta. Jirgina ya tarwatse.

Shagon ya kaure da sowa, har mai tsiren bakin titi ya leƙo. Habu ya miƙe, mutumin da sai an riƙe shi yake tashi, ya cire hula yana kaɗawa yana cewa, "Ɓera ya faɗo daga teburi! Jama'a ku shaida!" Na rungume shi ina zaginsa ina kuka. Ban taɓa jin daɗin shan kaye kamar na ranar ba.

Na nemi ramuwa, ya ƙi. Na bi shi har gida, har gadon asibiti. Ko a zuwana na ƙarshe, da ƙyar yake magana, na ce masa ya tashi mu sake. Ya yi murmushi ya ce, "Na yi ritaya, Lawan. Ka haƙura." Haka ya tafi ya bar ni a kaye, kuma babu mai rama mini.

Ya Allah, ga bawanka Habu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka sanyaya zuciyar Binta, ka raya Sadiƙu da ƙannensa a kan halinsa. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani, ka haɗa ni da taubashina a Aljanna. Amin.